Tarihin Keken Guragu A Kano: Daga Rarrafe Zuwa Walda



Duk mai bin Titin Zariya daga Dangi zuwa ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano, ko mai karyawa ya shiga Court Road a Gyadi-Gyadi, ya saba ganin keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Mun saba da shi har mun daina kallonsa. Amma ranar da ka tsaya ka ƙare wa guda uku ko huɗu kallo, za ka ga babu biyu da suka zo ɗaya. Wannan kujerarsa ta yi ƙasa, wancan an ɗaga masa ita da katako. Wannan yana da laima, wancan akwatin kwano ne a bayansa har da kwaɗo. Wani an ɗaura masa madubin babur, wani kuma tsohon faifan CD aka rataya masa domin ya riƙa ƙyalli da dare. Kowane ƙari da ka gani a jikin keken nan akwai dalilinsa, kuma yawancin dalilan suna da lokacin da suka shigo gari. Su nake so mu bi yau.

Kafin in yi nisa, na san a rediyo da takardun gwamnati yanzu "masu buƙata ta musamman" ake cewa, kuma hakan ya yi kyau. Sai dai sunan keken a bakin mai walda da bakin mai hawansa keken guragu ne, da shi zan kira shi, ba da nufin cin fuskar kowa ba.

A da can, yaron da shan inna ya kama ba shi da zaɓi mai yawa. Sunan cutar ma ya isa ya gaya maka yadda mutanenmu suka fahimce ta: Inna, ɗaya daga cikin iskokin da 'yan bori ke ambata, ita ce wai take shanye ƙafar yaro har ta motse. Tunda an ɗauka aikin iska ne, maganin da ake nema shi ne turare da rubutu da saiwoyi. Idan yaro ya rayu, sai ya tashi yana rarrafe. Ya sa silifa a hannu ko wani guntun katako mai mariƙi, ya naɗe gwiwa da tsumma ko yankin tsohuwar taya. Wanda gidansu ke da hali a ɗora shi a jaki, wanda babu ƙaninsa ya goya shi. Makarantar allo ta unguwa yana iya zuwa, ta boko da ke nesa kuwa sai dai ya ji labari. Daga nan hanya ɗaya ce ta rage masa, bara, kuma tsarin gari ya karɓe ta a haka: akwai Sarkin Guragu kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, kowa da jama'arsa da wurin zamansu ranar Juma'a. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ya kawo takalmin ƙarfe da sandar hammata da aikin miƙar da gaɓa. Amma wanda ƙafafunsa biyu suka tafi gaba ɗaya, sanda ba ta kai shi kasuwa.

Tsakanin rarrafe da keke akwai allon nan mai boris huɗu da ake zama a kai ana tura ƙasa da hannu. Yana da araha, yana shiga kowane lungu, ana iya jefa shi a mota. Illarsa biyu ce: sai kan kwalta ko siminti yake tafiya, kuma mai shi yana can ƙasa inda idon direba ba ya kaiwa. A kan irin wannan allon ne Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a Legas a 1988, wasan da yau jihohi ke gasa a kansa.

Ita dabarar tuƙa keke da hannu ta girmi keken da muka sani mai ƙafa biyu. A 1655 wani mai gyaran agogo a Jamus, Stephan Farffler, mutumin garin Altdorf da ke kusa da Nuremberg, wanda ƙafafunsa ba sa aiki, ya ƙera wa kansa wata 'yar amalanke mai ƙafa uku. Ya sa mata hannu a gaba da ake juyawa, haƙoran ƙarfe irin na cikin agogo suna kai ƙarfin zuwa ƙafar gaba. Shekararsa 22 a lokacin. Keke mai feda bai bayyana ba sai bayan fiye da shekara 200. Idan ka kalli zanen amalanken Farffler ka kalli keken da ke wucewa ta gaban Kasuwar Tarauni, za ka ga tunanin guda ne, kayan aikin ne suka canza.

Turawa suna da wani ɗan'uwan wannan keken da ake hawa a kishingiɗe, baya a jingine, ƙafafu a miƙe gaba suna taka feda. Akwai mai ƙafa biyu, akwai mai uku. Ranar 7 ga Yuli 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya hau irinsa da Charles Mochet ya ƙera, ya yi kilomita 45.055 cikin awa ɗaya a Paris, ya karya tarihin da Oscar Egg ya kafa tun 1914. Shekara na zagayowa hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sake dokar abin da ake kira keke, ta fitar da shi daga gasa a 1934. Daga nan ya koma hannun masu sha'awa, kuma mai ƙafa ukun yau ya fi yawa wurin tsofaffi da masu ciwon baya da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya sa na kawo shi: matsalolin masu shi iri ɗaya ne da na mutanenmu. Keke ya yi ƙasa direba ba ya gani. Ina za a maƙala madubi da fitila? Ina za a sa kaya keken bai kife ba? Yaya za a matsar da feda ta dace da tsawon mai hawa? Su suna da kamfanoni da ke sayar da maganin kowace matsala a kwali. Mu mai walda muke da shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa da na Kwara suka biyo baya, keke ya shigo gari. Raleigh na Ingila ya zama abin hawan malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa, har kamfanin ya kafa masana'anta a nan Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya zo da araha ya mamaye birni da ƙauye. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ta haka kowace unguwa ta samu mai gyaran keke a gindin bishiya, kayan gyara kuma suka zama kusan iri ɗaya ko'ina: ƙafa mai inci 28, kaca, firiwil, feda, birki, tib. Sai walda ta yaɗu a shekarun arzikin mai, daga 1970 zuwa sama, lokacin da kowa ke gina gidan siminti yana son ƙofar ƙarfe da taga. Keken guragu ɗan auren waɗannan sana'o'i biyu ne. Mai walda ya ba shi ƙashi, mai gyaran keke ya ba shi gaɓoɓi.

A waɗannan shekarun ne kuma unguwannin wajen ganuwa irin su Gyadi-Gyadi da Tarauni da Hausawa da Unguwa Uku suka cika suka batse. An kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, Tarauni ta zama ƙaramar hukuma a 1996. Rayuwar waje rayuwar nisa ce. A cikin birni masallaci da makaranta da mai kayan miya duk suna cikin lungu ɗaya, mai rarrafe yana iya kaiwa. A waje kuwa daga gida zuwa bakin titi kaɗai tafiya ce. A ganina wannan ne ya sa keken ya fi zama ɗan waje fiye da ɗan birni: titunan sun fi faɗi, buƙatar kuma ta fi tsanani.

Babban sauyi ya zo ne lokacin da guragun da kansu suka karɓi sana'ar. A Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa, Polio Victims Trust Association, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta yi suna wajen ƙera waɗannan kekuna, ma'aikatanta suna zaune a ƙasa suna yankan ƙarfe suna walda. A Jos kuma akwai cibiyar Beautiful Gate da lauya Ayuba Gufwan, shi ma shan inna ya taɓa shi, ya fara a 1999, tana ƙera kekuna tana rabawa kyauta. Maƙerin da shi kansa yake hawa keken ya san abin da mai ƙafa ba zai taɓa sani ba. Ya san inda kafaɗa ke zafi bayan tafiyar awa guda.

To bari mu kwance keken mu ga cikinsa. Firam ɗin bututun ƙarfe ne, ƙafa ɗaya a gaba, biyu a baya. A saman ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ake ɗora faifan kaca da hannuwan feda, daidai ƙirjin mai hawa, kaca ta sauko zuwa firiwil na ƙafar gaban. Wato da abu ɗaya kake tuƙi, da shi kuma kake juya kan keke. Nan sauƙin keken yake, nan kuma wahalarsa take.

Gyara na farko, wanda ya fi kowanne muhimmanci kuma aka fi yi wa sakaci, shi ne tazarar kujera da feda. Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan mariƙi ya kai iyakar nisansa, gwiwar hannu ta rage da ɗan lanƙwasa, baya kuma bai rabu da majingina ba. Idan tazarar ta yi yawa, mutum zai riƙa miƙewa a kowane juyi, kafaɗa ce za ta ɗauki aikin duka. Idan ta yi kaɗan, mariƙi zai riƙa dukan ƙirji ko gwiwa. Haka tsayi: tsakiyar faifan kada ta wuce kafaɗa, wajen ƙasan ƙirji ya fi. Mai walda mai hankali ba ya kama kujera da wuta sai ya zaunar da mai keken ya gwada. Wasu ma suna huda rami uku ko huɗu a jikin firam domin a riƙa matsar da kujera da noti. Wannan 'yar dabarar ita ce ke sa keken yaro ɗan shekara 9 ya kai shi 14.

Na biyu, yadda hannuwan feda ke kallon juna. A keken ƙafa, idan feda ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa take. Idan aka ɗauko ta a haka aka sa wa keken hannu, dama tana turawa hagu tana ja, kuma tunda da abin ake juya kan keke, sai ka ga gaban yana tafiya yana karkaɗa kamar maciji. Shi ya sa wasu ke cire hannu ɗaya a juya shi, wani lokaci da ɗan goge ko walda, su biyun su riƙa tafiya tare. Keke sai ya miƙe, mai shi kuma ya samu damar sa nauyin jikinsa gaba ɗaya a kowane turi. Kekunan hannu na 'yan wasa a gasar nakasassu ta duniya haka suke. Sai dai akwai wani gurbi a juyin da ƙarfi ke mutuwa, wanda ke ba da wahala wajen tashi daga tsaye ko a kan hawa. Don haka har yau ana ganin iri biyun a titi, kuma kowa zai rantse maka nasa ya fi.

Na uku, nauyin juyi. Faifan keken gargajiya yana da haƙori 44 ko sama da haka, firiwil kuma 18 ko 20. A ƙafa mai inci 28, juyi ɗaya yana kai keke kusan mita biyar ko fiye. Cinya aka yi wa wannan lissafin, hannu bai kai cinya ƙarfi ba. Masu gyara sun gano haka tun tuni: ko a sa ƙaramin faifai na keken yara, ko firiwil mai haƙori 22 ko 24, ko a rage ƙafar gaba zuwa inci 24 ko 20. Gudu yana raguwa, amma mutum yana hawa tudu ba tare da ya jira yara su tura shi ba. Da kekunan gwanjo masu giya suka shigo kasuwa, wasu sun ɗauko giyar sun sa. Tana da daɗi ranar farko. Ƙurar hunturu da yashin lungu ne ba sa barin ta ta daɗe.

Birki kuma nasa labarin daban ne, domin hannuwan da za su kama shi suna can suna tuƙi. Wasu a jikin mariƙi ake ɗaure musu shi, wayar ta riƙa lanƙwasa a kowane juyi har ta tsinke. Wasu a gefen kujera ake yi musu dogon ƙarfe da ke danne tayar baya. Wannan na biyun ya fi amfani wajen tsayar da keke a hau ko a sauka, lokacin da keke ya fi cutar da mai shi idan ya gangara. Wanda ba shi da shi, da yankin tsohon tib yake ɗaure hannun birki. Kuma tunda firiwil ba ya komawa baya, in za a ja da baya sai an kama tayoyin baya da hannu.

Kujera ita ce inda ake yin ciniki tsakanin abubuwan da ba sa haɗuwa. In ta yi sama, direba yana ganinka, kana magana da mai saye ido da ido, amma a kwana ko idan ƙafa ɗaya ta faɗa bakin kwata keke yana kifewa, hawansa daga ƙasa kuma aiki ne. In ta yi ƙasa keke ya zauna daram, sai dai ka koma shaƙar hayaƙin salansa. Faɗin baya ma haka: a buɗa ƙafafun baya keke ya daina kifewa, amma ya ƙi shiga ƙofar zaure. Kekuna nawa ne ke kwana a waje da sarƙa, ruwa da rana suna cinye su, saboda faɗin yatsa biyu da mai walda bai je ya auna ba? Sai matakin ƙafa, wanda dole a rufe gefensa kada ƙafar da ba ta da ƙarfi ta zame ta shiga taya. Sai majingina, tunda da yawa daga cikin waɗanda cutar ta kama da ƙuruciya bayansu ya karkace, suna buƙatar ƙarin soso a gefe ɗaya.

Yanzu kayan ƙari. Na farkon zuwa shi ne kariya da akwati, domin da keken ya ba mutum nisa, sai ya ba shi sana'a. Goro, alawa, ashana, batir, turare, carbi da hula a ƙofar masallaci. Zuwan wayar salula a 2001 ya buɗe wata ƙofar: katin waya da kiran kuɗi ba su da nauyi, ba sa buƙatar shago, laima kawai suke so. Wanda ya san yadda Farm Centre ta tashi ta zama kasuwar waya ya san abin da nake nufi. Laimar nan mai launin kamfanin waya a lokacin ta hau keken guragu, ba ta sauka ba har yau. Ita ma tana da ƙa'ida. In aka kama sandarta da walda a gefe, iskar tirela ɗaya a Titin Zariya ta isa ta kwantar da keke. Gara a kama guntun bututu kusa da tsakiyar kujera, a riƙa zura sandar ana zarewa.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba sa ganewa sai sun sha wahala. Ƙafar gaba ce ke jan keken nan, kuma ita ce mafi ƙarancin nauyi a kanta, tunda mai hawa yana zaune ne kusa da ƙafafun baya. Duk kayan da aka ɗora a bayan ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, ɗaga gaban yake yi kamar sikeli. Sai ka ga mutum a yashi ko a kan ɗan tudu yana juya feda, taya tana juyawa a wuri ɗaya, keke ya ƙi gaba. Ba ƙarfi ya rasa ba, akwatinsa ne ba a inda ya dace yake ba. Kaya mai nauyi a ƙarƙashin kujera ake sa shi, gaba da ƙafafun baya, kuma ƙasa-ƙasa. Na baya a bar wa marar nauyi. Batir ɗin cajin waya da wasu ke ɗauka yanzu tare da ɗan faifan sola, shi ma nan ne gurbinsa.

Ba za a ba da tarihin keken nan a tsallake 2003 ba. Lokacin da duniya ta ɗaura yaƙi da shan inna a 1988, cutar tana shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 2003 saura ƙasashe ƙalilan. A shekarar ne gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano, bayan Dokta Ibrahim Datti Ahmad da Majalisar Ƙoli ta Shari'a sun yi zargin an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Zargin ya samu kunnen saurare ne saboda mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi wani gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara 200 masu sanƙarau a asibitin IDH, 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. An dawo da rigakafin a ƙarshen Yuli 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, amma ɓarna ta riga ta auku. Cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, kuma a 2006 kaɗai an ƙirga yara 1,122 da ta kama a Nijeriya. Shi kansa Aminu Tudun Wada ɗansa yana cikin waɗanda ta taɓa a wancan lokacin, abin da ya sa shi da mutanensa suka shiga bin gida-gida a kan kekunansu suna roƙon iyaye. Babu likitan da ya kai su hujja. Mutum ya tsaya a ƙofar gidanka a kan keken hannu ya ce ka duba ni, me za ka ce masa?

Shekarar 2013 ta zo wa wannan yankin namu da abu biyu cikin sati uku. Ranar 19 ga Janairu 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Allah Ya jiƙansa, hari kusa da Masallacin Murtala a Hausawa. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa. Ranar 8 ga Fabrairu kuma aka harbe ma'aikatan rigakafin shan inna tara, a Unguwa Uku da Hotoro. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mata ne da suka fito neman ɗan abin sa wa a baki, kuma aikinsu shi ne kada wani yaro ya sake buƙatar keken da muke magana a kai.

Hana acaɓa ya canza titin Kano gaba ɗaya. A Daidaita Sahu, wanda ya samo sunansa daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Shekarau, aka kuma fara kawo shi a 2005 domin ɗaukar mata, shi ya cike gurbin. Ɗan acaɓa siriri ne, yana iya kauce wa mai keken hannu. Ɗan sahu faɗinsa ya kai na keken ko ya fi, kuma gefen titin da gurgu ke bi nan ne yake tsayawa ɗaukar fasinja, ba sigina ba sallama. Daga nan madubi ya tashi daga kwalliya ya zama dole. Haka ƙararrawa ko hon, haka fitilar caji ta 'yan Sin, haka faifan CD da ledar nan mai ƙyalli a baya. Madubin ma sai an san inda za a sa shi: in aka maƙala a jikin abin tuƙi, duk juyin kan keke sai ya kalli wani wuri, don haka a jikin firam ya fi zama. Sai gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa irin na Dangi, waɗanda suka sauƙaƙa wa mota tafiya, suka mayar da tsallaka titi zagaye mai nisa ga mai tuƙi da hannu.

Wanda Allah Ya hore wa ya bar keken hannu ya koma babur da aka ƙara wa ƙafafu biyu a baya, aka ɗauke giya da birki daga ƙafa aka mayar hannu. Masu waldar nan dai su ke yi. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 ya sa wasu sun jingine babur sun karkaɗe tsohon keke.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne rabon keke na siyasa da na azumi. A jera guda 50 ko 100, fenti ɗaya, girma ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Yarinya 'yar shekara 10 da magidanci mai shekara 45 kowa ya tafi da irin na ɗan'uwansa. Bayan wata biyu wasu suna wurin mai walda ana sake yanka su da kuɗin mai shi, wasu kuma sun tafi wurin 'yan gwangwan. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keken marasa ƙafa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma a ciki auna mutum, da gwada masa, da koya masa, da bibiyarsa daga baya, kowanne mataki ne mai zaman kansa. Mai niyyar sadaka, da zai ba maƙeri kuɗin keke 30 ya ce a kira kowa a auna shi, da ladan ya fi na 50 ɗin da aka jera. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar shigar keke. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Kowa ya duba matakalar banki da masallaci da makarantar unguwarsu ya ga inda aka kwana.

Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila ne, cikin Yuli 2014. Ta sake ɓulla a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗiga wa yara magani saboda wani nau'in da ke yawo a inda rigakafi ya yi ƙaranci. Amma aikin maƙerin keke bai ƙare ba, masu zuwa wurinsa ne suke canzawa. Yaran 2004 da 2006 sun zama samari da 'yan mata, keken ƙuruciya ya yi musu kaɗan. Manyan kuma da suka shekara 30 suna tuƙi da hannu kafaɗa ta fara gajiya, ga wani rauni da likitoci suka sani yana dawo wa wanda ya yi shan inna bayan shekara 15 zuwa 40. Irin waɗannan sai an rage musu nauyin juyi, an matso musu da feda.

Sababbin masu zuwa kuwa yawanci daga haɗarin mota da babur suke, waɗanda lakarsu ta taɓu, da masu ciwon suga da aka yanke wa ƙafa. A nan akwai bambancin da ya kamata duk mai walda da duk mai jinya ya sani. Shan inna ƙarfin ƙafa yake ɗaukewa, ya bar ji. Mai shi idan kujera ta dame shi zai ji zafi ya gyara zama. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya ji. Zai zauna awa huɗu a kan katako da siririn soso, fata ta mutu a ƙarƙashinsa bai sani ba, gyambo ya buɗe har ƙashi, kuma irin wannan gyambon yana kisa. Kujerar da ta yi wa mai shan inna shekara 20 lafiya lau, tana iya mayar da wannan gadon asibiti cikin sati biyu. Shi sai soso mai kauri da tauri wanda aka yanka daidai mazauninsa, a rufe da abin da ruwa ba ya shiga, a kuma koya masa ɗaga jikinsa da hannu a kai a kai, da duba fatarsa da madubi kowane dare kafin ya kwanta.